Laftana Columbo da mutumin da ba a taɓa nunawa ba

Tun da aka fara shirya labarun ƴan sanda, a littafi ko a majigi, al'adarsu ɗaya ce: a tsinci gawa tun farko, a ɓoye wanda ya yi kisan, a bar mai kallo yana zargin wannan yana zargin wancan har ƙarshe. Wasan talabijin na ƙasar Amurka mai suna Columbo ya zo ya kifar da wannan al'ada. Cikin minti 15 ko 20 na farkon kusan kowane kashi, ana nuna wa mai kallo wanda ya yi kisa, da dalilinsa, da yadda ya shirya, da yadda ya share sawunsa. Sai an gama wannan duka, sa'an nan wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gida, wani gajeren mutum mai yamutsattsiyar rigar ruwa ya fito yana laluben aljihu yana neman fensir. Daga nan har a tashi, mai kallo ya riga ya san ɓarawon, abin da ya rage masa shi ne ya ga ta inda mai kaya zai ɓullo.

Mutum biyu suka ƙago wannan laftana na ƴan sandan birnin Los Angeles, Richard Levinson da William Link. Peter Falk ya fara fitowa a matsayinsa cikin 1968, tashar NBC ta riƙa nuna wasan daga 1971 zuwa 1978, bayan hutun shekara goma da ɗoriya tashar ABC ta dawo da shi cikin 1989, kashi na ƙarshe kuma ya fito a watan Janairu na 2003. Duka duka kashi 69 ne. Wanda ya ba da umarni a kashin da ya buɗe jerin cikin watan Satumba na 1971 wani saurayi ne ɗan shekara 24 da ba a san shi ba a lokacin, ana ce da shi Steven Spielberg. Falk ya rasu cikin 2011. Ke nan wasan ya girmi yawancin waɗanda ke kallonsa yau, amma bai daina samun sababbin masoya ba, musamman a 2020 da annobar korona ta kulle mutane cikin gidajensu suka shiga tonon tsofaffin fina-finai.

Mai kallo na farko yakan raina shi, kamar yadda masu kisan ke raina shi. Rigar ruwan, wadda Falk ya ce tasa ce ta kansa ya saye ta da araha a New York, kamar an kwana cikinta. Sigarinsa na ganye kullum a mace, tokar tana zuba bisa shimfiɗar masu gida. Idonsa ɗaya na gilashi ne, don an cire wa Falk ido na dama yana ɗan shekara 3 saboda ciwon daji. Motarsa kuwa Peugeot 403 ce mai buɗaɗɗen kai, wadda duk tsohon direban da ya yi zamani da 403 da 404 a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram zai gaishe ta da girmamawa, ko da yake ƴan Los Angeles kallon bola suke yi mata. Ba ya ɗaukar bindiga. Ba ya daka tsawa, in ban da sau ɗaya ko biyu da masoyansa suka haddace. Yakan shiga gidan babban mutum yana ba da haƙuri, ya yaba zanen da ke bango, ya tambayi kuɗin takalmin wani, ya kawo labarin matarsa, ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, sai ya dafa goshi ya juyo ya ce saura abu ɗaya ƙarami. Wannan abu ɗaya ƙarami shi ne ɗan hakin da aka raina.

Wanda ya kalli kashi uku ko huɗu ya kamu, kuma ba ya daɗewa sai ya gane ba shi kaɗai ba ne. Ana gane juna da wannan juyowa ta bakin ƙofa: mutum ya kwaikwaye ta a biro ko a rumfar kasuwa, wani daga can ya fashe da dariya, shi ke nan an zama ƴan gida ɗaya. Gidan kuwa babba ne. A ƙasashen da ke amfani da faransanci, da muryar Serge Sauvion aka san laftanan, har wasu na jin muryar Falk ta ainihi kamar ta baƙo. A Japan ya shahara har aka yi masa ƙane, wani wasan ƴan sanda da aka fara cikin 1994 bisa tsarinsa. A Budapest, babban birnin Hungari, an kafa mutum-mutuminsa na tagulla cikin 2014, shi da karensa mai dogayen kunnuwa. Falk da kansa ya sha ba da labarin yadda jami'an Amurka suka roƙe shi, cikin shekarun 1970, ya ɗauki saƙo zuwa ga jama'ar Romaniya, ya shaida musu cewa ba gwamnatinsu ce ta hana su sababbin kasusuwan wasan ba, waɗanda aka shirya ne suka ƙare.

Sabon shiga zai tarar da gardama iri iri an daɗe ana yinta, kuma ana jiran ya faɗi ɓangarensa. Akwai gardamar zamani: tsofaffin hannu sun tsaya a kan cewa kashi 45 na farko, zuwa 1978, su ne Columbo, 24 na baya kuwa cikon benci ne. A nan gaskiya tana wajen tsofaffi, ko da yake cikin na bayan akwai biyu ko uku da ba su da abin kunya. Akwai gardamar wanda ya fi iya fitowa a mai kisa, tsakanin Jack Cassidy da Robert Culp da Patrick McGoohan, waɗanda kowannensu ya dawo sau da yawa da sabon suna da sabuwar gawa. Akwai ta sunan yanka. Laftanan bai taɓa faɗin sunansa ba, amma masu kaifin ido sun tsayar da hoto sun karanto Frank a katinsa na aiki. Wani marubucin littafin tambayoyi mai suna Fred Worth ya taɓa ƙago masa suna Philip, ya sa cikin littafinsa don ya kama masu satar aikinsa. Masu wasan Trivial Pursuit suka kwashe har da ƙaryar, ya kai su kotu cikin 1984 yana neman dalar Amurka miliyan 300, ya faɗi. Tarko irin na Columbo ne sak, sai dai alƙali bai karɓa ba, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe don za a dawo gare shi.

Gardamar da ta fi kowace daɗi ita ce ta matarsa. Kullum tana bakinsa, ba a taɓa ganinta ba, har wasu ke cewa babu ita, dabara ce kawai ta sa mai laifi ya saki jiki. Da NBC ta yi ƙoƙarin ba ta fuska cikin 1979, ta shirya wani wasa na daban da sunanta, masoya suka juya masa baya, bai yi nisa ba ya mutu. To, amma akwai wani mutum na biyu da ba a nunawa, wanda ya fi matar muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma da wuya a ji masoya suna gardama a kansa. Kafin a kai gare shi sai an duba su wane ne laftanan yake kamawa.

Columbo ba ya kama ɗan sane, ba ya kama mai fasa kanti. Cikin kashin da ake kira Poids mort da faransanci, na 1971, mai kisan janar ne na soja mai ritaya, gwarzon yaƙi, wanda kamfaninsa ke cin kwangilar soja ta hanyar da ba ta dace ba. Wani kanar ya zo ya shaida masa za a yi bincike, janar ya ga kanar ɗin ba zai iya riƙe baki ba, ya harbe shi. Cikin Candidat au crime, na 1973, ɗan takarar majalisar dattawa ne ya kashe daraktan yaƙin neman zaɓensa, ya mayar da abin kamar shi aka so kashewa aka yi kuskure, don ya ci ƙuri'ar tausayi. Ranar zaɓe ya ƙara shirya harin ƙarya a ɗakinsa na otel, ya harba harsashi a bango tun da rana da bindiga marar ƙara, da dare ya tayar da abin fashewa ya yi kururuwa; bai san laftanan ya riga ya shiga ya ciro harsashin daga bango tun kafin ƙarar ba. Cikin Immunité diplomatique, na 1975, jami'in ofishin jakadanci ne da doka ta hana a taɓa shi. Sauran kuwa likitoci ne, da lauyoyi, da masu kamfani, da taurarin majigi, masu gidaje da wurin wanka a tsakar gida. Wannan shi ne zumar wasan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wani babba yana jiran a ce ya shigo, ya san daɗin ganin ƙaramin ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya shiga wannan ƙofa, ya ƙi fita sai da amsa.

Kashin da ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya nema shi ne En toute amitié, na 1974. Wani mutum ya kashe matarsa cikin faɗa, ya ruga wajen maƙwabcinsa kuma amininsa. Aminin nan mataimakin shugaban ƴan sandan birnin ne, wato ubangidan Columbo. Ya rufa wa abokinsa asiri, ya shirya gidan kamar wani ɓarawo da ya addabi unguwar ne ya shiga ya yi kisan. Sa'an nan ya nemi a biya shi da irin kuɗinsa: ya nutsar da tasa matar, mai dukiya, cikin bahon wanka, ya tilasta wa abokin ya yi shigar ɓarawo ya jefa gawar cikin wurin wanka na tsakar gida, a daidai lokacin da shi yake sama cikin jirgi mai saukar ungulu na ƴan sanda, shaidu na kallo. Daga nan sai ya koma biro ya ba da umarni: a nemo ɓarawon, a bar kame-kame. Laftanan ya ce to, ranka ya daɗe. Amma likita ya sami alamar sabulu a huhun matar, ruwan tsakar gida kuwa ba shi da sabulu. Columbo ya nemo ɓarawon na gaske suka haɗa baki, ya canza adireshin da ke cikin dosiyensa, ya bar dosiyen inda maigida zai gani. Maigida ya gani, ya lallaɓa ya ɓoye kayan adon matar farko a wannan ɗaki, ya jagoranci bincike da kansa, aka sami kayan. Sai laftanan ya buɗe akwatin tufafi ya shiga fito da rigunansa da hotunan danginsa: ɗakin shi ya kama haya, kuma ban da shi, mutum ɗaya tak ya taɓa ganin wannan adireshi.

Ɗan kasuwa zai tafa wa dabarar. Ma'aikacin da ya daɗe a aikin gwamnati kuwa wani abu daban zai tsaya masa a rai: yaya aka yi laftanan ya kai ranar da ya ɗana tarkon yana nan a kan kujerarsa? A wurare da yawa, tun ranar da ya yi wa maigida tambaya ta biyu takardar canjin wurin aiki za ta fito, ya sami kansa a Bilma yana lissafin raƙuman gishiri, dosiyen kuma ya shiga kabad ɗin da makullinsa ya ɓata. Masu shirya wasan ba su manta da wannan ba. Tun a fim na 1968, Inculpé de meurtre, likitan da ya kashe matarsa yana da aboki a ofishin mai gabatar da ƙara, abokin kuma ya sa baki a cire Columbo daga binciken. Laftanan ya ba da labarin yadda ta ƙare da bakinsa: shugabansa ya kira shi ya ce masa, tunda har ana neman a cire shi, lalle ya taɓa inda ke ciwo, ya ci gaba. Wannan shugaba, da ba a nuna fuskarsa ba, ba a kuma yi masa mutum-mutumi a ko'ina ba, shi ne ginshiƙin wasan duka. Basirar Columbo ba ta da amfanin kome in babu wanda zai ɗauki tarho, ya ji muryar babban mutum, ya ce a'a. Masu basira ba su yi ƙaranci a komisariya ko a duwan ko a kotunan kowace ƙasa ba. Mai cewa a'a a tarho shi ne ake nema da fitila.

Akwai kuma abin da laftanan ba ya yi, wanda ya cancanci a lura. Ba ya kulle mutum kwana uku don ya tuna. Ba ya mari, ba ya kama ƙanen wanda ake zargi don yayan ya fito. Ba ya karɓar ambulan, ko da yake yakan karɓi sigari mai tsada in an miƙa masa, kuma a wani kashi na 1975 ya tura abokin aikinsa ya yi masa jarrabawar harbi da ya shekara da shekaru yana gudu, don kada a ce waliyyi ne. Abin da yake aiki da shi ƙanana ne: agogon da ya tsaya, fitilar da aka bari a kunne, igiyar takalmin da aka ɗaure ta fuskar da mai takalmin ba zai ɗaure ba. Wanda aka doka ya amsa laifi, gobe zai ce dukan ne ya yi magana. Wanda aka nuna wa igiyar takalmi ba shi da abin cewa.

Duk da haka, wanda ya shiga sahun masoya bai kamata ya bar hankalinsa a ƙofa ba. Lauyoyin da ke cikinsu sun daɗe suna faɗin cewa da yawa daga hujjojin laftanan ba za su tsaya gaban alƙali ba, in mai laifin ya yi shiru ya kira lauya maimakon ya sunkuyar da kai ya amsa. Wasu tarkunan nasa ma, irin su shirya shaidar ƙarya don a firgita mutum, daɗinsu a talabijin ya dogara ne ga abu ɗaya: mai kallo ya ga kisan da idonsa, ya san ba a zalunci kowa ba. Ɗan sandan gaske bai ga minti 20 na farko ba. In ya ɗauki dabarar ya bar tabbacin, marar laifi ne zai faɗa ramin.

Kuma wasan yana tsayawa ne daidai inda wahala take farawa. Ana sa wa babban mutum hannu a kafaɗa, kiɗa ya tashi, ba a nuna shari'arsa. Birnin Los Angeles na gaske ya nuna abin da ke biyo baya, a cikin shekarun da ABC ke nuna Columbo. Ranar 3 ga Maris 1991 aka ɗauki hoton ƴan sandan birnin suna jibgar wani baƙar fata, Rodney King, duniya duka ta gani. Ranar 29 ga Afrilu 1992 kotu ta sallami ƴan sandan huɗu, tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka fiye da 50. Ranar 3 ga Oktoba 1995 wata kotun ta wanke O. J. Simpson, attajiri kuma tauraro irin waɗanda laftanan ke ziyarta, daga kisan tsohuwar matarsa da wani saurayi, bayan lauyoyinsa sun yi kaca-kaca da yadda ƴan sanda suka tattara shaida. Sai a 1997 kotun diyya ta ɗora masa alhakin mutuwarsu, ta ce ya biya dala miliyan 33 da rabi. Waɗannan ƴan sanda su ne abokan aikin Columbo, in da shi mutum ne mai rai.

Mai kallo a Nijar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan labarin da aka san farkonsa aka rasa ƙarshensa. Ranar 9 ga Afrilu 1999 aka harbe shugaban ƙasa Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama na Yamai, da rana tsaka, a gaban mutane, da harsasan rundunar da ke tsaron lafiyarsa. Sanarwar farko ta gwamnati ta kira abin hatsari, kalmar da duk wanda ya saba da Columbo ya ji ta a bakin masu gida sau ba adadi. Mutum yana iya zama mai adawa da mulkin marigayin, wanda shi ma da juyin mulki ya zo ranar 27 ga Janairu 1996, amma wannan bai mayar da kisa hatsari ba. Babu motar da ta tsaya a ƙofar kowa. Tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin biyu, aka rufe dosiyen tun ba a buɗe shi ba. Iyalinsa suka yi ta bin kotuna shekara 16, har watan Oktoba na 2015 da kotun CEDEAO ta ce ƙasar Nijar ta tauye musu haƙƙin samun shari'a, ta umarci a biya su miliyan 435 na sefa. Har yau ba a gurfanar da kowa ba. Kuɗin kuwa a kan baitulmali aka ɗora su, wato a kan ɗan kasuwar da ke biyan patanti da kuɗin duwan, da ma'aikacin da ake yankar haraji daga albashinsa kowane ƙarshen wata, waɗanda ko ɗaya daga cikinsu bai je filin jirgi ran nan ba.